Wa ya auna, wa ya yanke hukunci?

Akwai magana ɗaya da ke rufe bakin talaka a Legas fiye da kulkin ɗan sanda, ita ce "masana sun yi nazari." Da zarar kwamishina ya faɗe ta a gaban 'yan jarida, shi ke nan, an toshe ƙofar gardama. Za a hana wata sana'a, masana ne suka ce. Za a yi rusau, injiniyoyi ne suka auna. Za a tashi kasuwa, ƙwararru ne suka ba da shawara. Mu kuma da yawancinmu neman abinci ya kawo mu Ikko, bokonmu bai taka kara ya karya ba, sai mu yi tsit, muna ganin ai abin ya fi ƙarfin saninmu.

A ganina abu biyu ake cakuɗawa a miƙo mana kamar abu ɗaya. Akwai awo, wanda aikin mai ilimi ne, kuma dole a bar masa. Akwai kuma zaɓen wanda zai ɗauki asara, wanda babu jami'ar da ke ba da digiri a kansa. A wannan na biyun, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 yana da bakin magana daidai da farfesa, domin magana ce ta adalci.

A ɗauki batun acaba, tunda shi ya fi taɓa mu. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana okada, wato acaba, da keke Marwa zirga-zirga a ƙananan hukumomi shida, Apapa, Lagos Mainland, Surulere, Ikeja, Eti-Osa da Lagos Island, har da yankunan raya ƙasa tara da ke ƙarƙashinsu. Hujjar da aka kawo alƙaluma ce: daga 2016 zuwa 2019 manyan asibitocin gwamnati kaɗai sun rubuta hatsari sama da 10,000, an kuma rasa rayuka sama da 600.

Ba na musun waɗannan alƙaluma, kuma bai kamata wani Bahaushe ya musa su ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi ya ga samari a jere, ƙafa a rataye, ƙarfe ya huda ƙauri, wasu an riga an yanke. Mun kuma san halin wasu yaranmu. Yaro ya sauka daga tirela yau, jibi yana kan babur a titin Ikorodu, babu hular kwano, babu lasisi, ya goya mutum uku, ya bi hannun da ba nasa ba yana tunkarar danfo, bas ɗin haya na Legas. Wannan gaskiya ce, faɗinta kuma ba cin amanar 'yan uwa ba ne.

To amma alƙaluman nan sun ce mutane suna mutuwa, nan suka tsaya. Ba su ce a hana ba. Daga wannan lissafin mutum zai iya cewa a yi wa kowane ɗan acaba rajista da riga mai lamba, a tilasta hular kwano ga direba da fasinja, kamar yadda ake yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda. Zai iya cewa a tsaya kan dokar 2012 ta zamanin Babatunde Fashola, wadda ta hana su manyan hanyoyi 475 ta bar musu na cikin unguwa. Zai iya cewa a hana babur a bar keke, kamar yadda aka yi a Kano a 2013, inda adaidaita sahu ya maye gurbin acaba. Zai kuma iya cewa a share su duka. Hanyoyi huɗu ke nan, duk daga alƙaluma ɗaya. Wanda ya zaɓi ta huɗu ya yanke cewa tsarin gari da natsuwar masu mota sun rinjayi abincin dubban gidaje. Mai yiwuwa yana da hujjarsa, kuma yana da ikon yankewa tunda zaɓensa aka yi. Abin da nake ƙi shi ne ya yanke sannan ya ɓuya a bayan rigar likita.

Abin da ya ƙara nuna mini haka shi ne kamfanonin acaba irin su Gokada da MAX. Su ne suka zo da hular kwano biyu, suka horar da direbobinsu, suka sa na'urar bin diddigi a jikin babur, wato duk abin da masanin kiyaye haɗurra zai nema. Haramcin 2020 ya haɗa da su. Da rage karaya ne kaɗai ma'auni, da su aka riƙe a matsayin abin koyi. Sannan a duba manyan motoci. A watan Yunin 2018 tankar mai ta kama da wuta a gadar Otedola, motoci sama da hamsin suka ƙone, mutane suka mutu a ciki. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan bas a gadar Ojuelegba ta kashe mutum tara. Babu wanda ya ce a hana tanka da kwantena shiga Legas, sai dai a ce a gyara, a ɗaure kaya da kyau, a tsara lokacin tafiya, saboda kowa ya yarda garin ba zai rayu ba sai da su. Wannan yardar ita ma hukunci ce kan wanne amfani ya cancanci a jure haɗarinsa. An jure na mai tanka, ba a jure na mai babur ba.

Da aka sake tsananta haramcin a watan Yunin 2022, abin ya biyo bayan kisan gilla da aka yi wa wani saurayi a Lekki a watan Mayu, bayan saɓani kan kuɗin hawa babur. Kisan abin Allah wadai ne, waɗanda suka aikata kuma sun cancanci hukunci mai tsanani. Sai dai fushin gari ne ya motsa wannan mataki, fushi kuwa ba awo ba ne. Cikin 'yan kwanaki aka niƙe babura sama da 2,000 a gaban kyamara, a watan Satumba kuma aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin.

Akwai wani yaro da muke sallah tare, ɗan wajen Borno ne, rikici ya raba su da garinsu. Ya karɓi babur bashi a hannun wani ɗan kasuwa, yana biya mako-mako. Ya kusa kammalawa aka kama babur ɗin. Yanzu dako yake yi a kasuwa, kwandon tumatir a ka tun asuba, wuyan rigarsa kullum a jiƙe da ruwan tumatir, kuma har yanzu yana cire wani abu yana kai wa mai babur, domin bashi bai san an niƙe kaya ba. Da na tambaye shi yadda ake ciki sai ya ce, "Kawu, ni fa ban taɓa kaɗe kowa ba. Da an ce in sa hula in yi lamba, wallahi zan yi." Shi wannan yaro ba ya cikin ko wane lissafi. Asibiti yana da littafin rubuta ƙafar da ta karye, amma babu littafin rubuta wanda ya koma Jigawa ko Yobe hannu rabbana, ko ma'aikaciyar da ta yi tafiyar ƙasa daga bakin titi zuwa wurin aiki a cikin rana, ko mai naƙudar da ke lungun da mota ba ta shiga da damina. Abin da ba a ƙirga ba, a teburin shawara tamkar babu shi ne. Zaɓen abin da za a ƙirga tun farko shi kansa hukunci ne, sai dai ana yanke shi ne shiru, kafin a kira taro.

A nan ne nake ganin iyakar ta fi shiga duhu, domin ba kullum ɗan siyasa ne ke fakewa da masani ba. Sau da yawa hukuncin yana ƙunshe a cikin aikin masanin, shi kansa bai lura ba. Injiniyan da ke zana magudanar ruwa dole ya zaɓi irin ruwan saman da zai yi wa tanadi, wanda ake samu sau ɗaya a shekara goma ko wanda ake samu sau ɗaya a shekara hamsin. Babbar magudana ta fi tsada, ta fi cin gidaje. Ƙarama kuma tana nufin wasu za su kwana cikin ruwa lokaci-lokaci. Lissafi zai faɗi faɗin kowacce, amma ba zai faɗi unguwar da ta cancanci babbar ba. Haka mai zana titi: abin da aka koya masa ya auna shi ne yawan motocin da za su wuce cikin awa ɗaya. Sai ya katange tsakiyar titi, ya kafa gadar masu ƙafa mai matakala a tsaye, nesa da inda mutane suka saba tsallakawa. Mai tura baro ba zai hau ta ba, mai ruwa da kurarsa ba zai hau ba, gurgu a kan allonsa ba zai hau ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa ma haka. In sun tsallaka ta ƙasa a kama su da laifi. Injiniyan ba mugu ba ne, ƙa'idar da ya gada ce ta riga ta fifita mintin mai mota a kan gwiwar tsohuwa, shi kuma yana ɗaukar ta tsantsar ilimi.

Tarihin garin nan ya isa shaida. A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe unguwar Maroko bayan wa'adin kwana bakwai, aka kori mutane wajen 300,000. Dalilin da aka bayar na fasaha ne: wurin yana ƙasa da teku, ambaliya na cin sa, bai dace da zaman mutane ba. Ruwan kam yana shiga, ba ƙarya aka yi ba. Amma bayan an kwashe talakawa sai aka cike wurin da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. Kusa da nan kuma ga Eko Atlantic, gari sukutum da aka ƙwato daga bakin teku, aka kare shi da katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci. Ilimin da ya ce Maroko ba ta zaunuwa shi ne dai ya iya tura teku baya. Ashe tambayar ba ta taɓa zama ko za a iya gyara wurin ba, tambayar ita ce wa za a gyara wa. Irin haka ta sake faruwa a Otodo Gbame a 2016 da 2017, inda aka raba dubban masunta da muhallinsu, har babbar kotun jihar ta yanke a Yunin 2017 cewa korar mutane ba tare da sanarwa da tanadin matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki. Alƙalin bai sake auna zurfin ruwa ba. Ya amsa ɗaya tambayar ce, wadda aka yi kamar babu ita.

Mu Musulmi bai kamata wannan rarrabewa ta zame mana baƙuwa ba. Hadisin barbarar dabino yana cikin Sahihu Muslim: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya nuna ko an bari ma zai yi, suka bari, dabinon bai yi kyau ba, sai ya ce musu su suka fi sanin al'amarin duniyarsu. An ba gwaninta haƙƙinta ke nan. Amma manomin da ya fi kowa iya barbara bai samu ikon cewa ba zai fitar da zakkar dabinon ba. Haka muke yi duk Ramadan. Mai ciwon suga yana zuwa wurin likita ya ji abin da azumi zai yi wa jikinsa, sannan ya je wurin malam ya ji hukunci. Malamin kirki ba ya auna suga, likitan kirki ba ya ba da fatawa, kowanne kuma yana buƙatar ɗan uwansa. Ko a watanda ma, mahauci shi ya san inda gaɓa take da inda wuƙa za ta bi, amma in aka zo batun ko za a cire wa marayun gidan wane kashi ɗaya, duk wanda ya zuba kuɗi yana da ta cewa.

Sai dai in yi gargaɗi ga 'yan uwana, domin wannan magana tana da saurin juyewa ta zama guba. Cewa akwai hukunci a ɓoye cikin maganar masani ba ya nufin awonsa ƙarya ne. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na Ikoyi ya rufta, mutum sama da arba'in suka mutu, da yawansu leburori. Kankare ba ya jin lallashi, ƙarfen da bai kai ba bai kai ba, ko mai ginin waye. Mu ma muna da namu tabon. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an sa mata abin hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano a 1996 ba. Amma ko akwai wani abu a cikin allura tambaya ce ta ɗakin gwaji, kuma jinkirin ya sa cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Haka nan in jami'in tsafta ya ce ruɓaɓɓen kayan gwari da muke zubawa ya toshe kwata, ko ya ce ruwan rijiyar kusa da masai yana kawo amai da gudawa, irin wanda ya ɓarke a Legas a 2024, kada mu ce ƙabilanci ne. Mu kwashe sharar. In muna musun abin da ido ke gani, ranar da muka zo da ƙorafin gaskiya babu mai sauraronmu.

Ba kuma ina cewa masani ya zama sikeli marar zuciya ba. Wadda nake girmamawa a wannan fage ita ce Dakta Stella Ameyo Adadevoh, a asibitin First Consultants da ke Obalende, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta. A Yulin 2014 aka kawo mata Patrick Sawyer daga filin jirgi, ya taso daga Laberiya. Iliminta ne ya sa ta zargi Ebola. Amma hana shi fita, alhali yana nema kuma ana matsa mata lamba a sake shi ya tafi taro Kalaba, wannan ya wuce karatun likita. Ta ɗora 'yancin mutum ɗaya a gefe, lafiyar miliyoyi a gefe, ta zaɓa, ta tsaya a kan zaɓinta da sunanta. Cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. A ƙarshe mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka mutu, a garin da ake tsoron abin zai zama annobar da ba a taɓa gani ba. Ta yanke hukuncin ɗabi'a, ba ta kira shi da wani suna ba, kuma tana cikin waɗanda suka biya kuɗinsa. Yawancin masu yanke mana hukunci a yau ba sa cikin masu biya.

Kullen korona ya nuna haka ƙarara. Daga 30 ga Maris 2020 aka rufe Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Likitoci sun yi daidai cewa cuɗanya na yaɗa cuta. Amma "zauna a gida" shawara ce da aka ɗinka daidai jikin mai albashi da firji. Mai shayi, mai yankan farce, mai wankin takalmi, wanda sai ya fita zai ci, an yanke cewa yunwarsa abin jurewa ce, ba tare da an tambaye shi kwana nawa zai iya ba.

Laifin da nake gani a wajenmu shi ne yadda muke zuwa gaban hukuma. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna ƙoƙari, ban raina musu ba, amma galibi roƙo muke zuwa yi: Yallaɓai a taimaka, a ƙara mana wa'adi. Mai roƙon wa'adi ya riga ya amince da hukuncin. Kamata ya yi mu nemi a nuna mana rahoton masanan da kansa, mu ga hanyoyi nawa suka lissafa, wacce aka ɗauka, wa ya ɗauke ta, su wa aka ƙirga cikin masu asara. Doka ma tana bayanmu a manyan ayyuka, domin dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto jama'a su gani su faɗi ƙorafinsu. Sau nawa muka aika wani ya karanta? Ƙungiyoyinmu suna karɓar kuɗin tikiti kullum. Daga ciki za a iya ɗaukar injiniya da lauya da mai ƙididdiga, ga yaranmu haifaffun Agege da Idi-Araba sun gama Jami'ar Legas da ta jihar, suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci. Su ƙirga mana 'yan dako nawa ne, gida nawa ke ci daga kowace rumfa, nawa ake aikawa gida duk wata.

Ga jarrabawa ma a gabanmu. Tun bayan rikicin da ya sa aka rufe kasuwar Mile 12 a Maris 2016, zamanin Akinwunmi Ambode, ake maganar mayar da ita Imota a yankin Ikorodu. Masana za su ce tireloli na toshe titi, kasuwar ta yi wa wurin yawa, kuma gaskiya suka faɗa. Duk ranar da maganar ta sake tasowa, kafin a fara batun wa'adi, a gaya mana a rubuce: nawa ne kuɗin rumfa a sabon wuri kuma wa zai fara samu, nawa mai sarin tumatir daga Mushin za ta ƙara a kuɗin mota, ina 'yan dako za su kwana, sannan filin da za mu bari, wa za a ba.